Fim ɗin Yara Ne? Kawu, Ban Yarda Ba



A hutun da ya wuce, yayana ya dawo daga Katsina da wani fim a wayarsa mai suna Dune. Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muna kallo, shi kuma yana fassara mana, don Turancin ya yi mana sauri. Kawunmu da ya zo daga Safana ya leƙo, ya ga jarumin ɗan siriri ne, ko gemu babu. Sai ya ja tsaki ya ce, "Wannan ai fim ɗin yara ne," ya koma wajen rediyonsa. Ban ce komai ba, don yaro ba ya musu da babba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta wannan allo.

Ni a ganina, ƙuruciyar ɗan wasa ba ita ke mayar da fim na yara ba. Abin dubawa shi ne nauyin da labarin ya ɗora masa.

Mu fara da Dune ɗin. Ƙagaggen labarin kimiyya ne, wanda wani Ba'amurke mai suna Frank Herbert ya rubuta a 1965, aka yi fim ɗinsa a 2021. A littafin, jarumin, Paul, ɗan shekara 15 ne. Wanda ya fito a matsayinsa kuwa, Timothée Chalamet, shekararsa 25 lokacin da fim ɗin ya fito, wato sa'an malamanmu masu bautar ƙasa ne. Labarin ya faru ne a wata duniya da duk hamada ce, inda ruwa ya yi tsada har mutane ke sa rigar da ke tace guminsu su sake sha. Manyan gidaje na yaƙi a kan wani sinadari mai daraja da ke cikin yashi, su kuma masu ƙasar na asali suna shan wahala. A dare ɗaya aka kawo hari, Paul ya rasa mahaifinsa, ya gudu cikin hamada shi da mahaifiyarsa. Don Allah ina wasan yara a nan? Rikici a kan ƙasa da ruwa, harin dare, gudun hijira: ba su ne Kawu yake saurare a rediyo kullum ba?

Kada wani ya ce wannan abin Turawa ne. Mu ma muna da namu. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata, aka buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Jaruminsa yaro ne, Kilba, wanda wata halitta mai suna Kolin Koliyo ta yi tafiya da shi zuwa sararin samaniya. Ashe tun iyayenmu suna ƙanana wani Bahaushe ya aika yaro sama a cikin littafi.

Sai kuma Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun kafin ya zama Firayim Minista, aka buga a 1934, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Umar yana ɗan ƙaramin yaro aka sace shi, aka haye hamada da shi, mahaifiyarsa ta bi sawu tana nemansa. Akwai dattijon da zai kira wannan labarin yara? Ko a nan Batsari za a karanta wa iyayenmu mata shi, na tabbata wasu sai sun yi hawaye, don sun san zafin jiran ɗa.

To amma in faɗi gaskiya, Kawu yana da hujjarsa. Akwai finafinan da ake zuba samari da 'yan mata kyawawa don fuskarsu kawai. Daga waƙa sai rawa, daga rawa sai canjin kaya, sai ka gama kallo ka rasa abin da aka ce. Wanda ya ga irin waɗannan guda goma, dole in ya hango sabuwar fuska ya yi zaton na sha ɗaya ne. Amma laifin na mai rubuta labarin ne da mai shirya shi. Ɗan wasa abin da aka ba shi yake yi. Ko a Kannywood, lokacin da Ali Nuhu ya shirya Mansoor a 2017, matasa ya sa a gaba, Umar M. Shareef da Maryam Yahaya. Akwai waƙa da soyayya a ciki, amma kuma akwai yaron da ke neman sanin asalinsa, wannan kuwa magana ce ta manya.

Ga dalilin da ya sa maganar ta dame ni. Mu yaran wannan yanki da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, matsala ba ta tambayar shekarunmu kafin ta zo. A watan Disamba na 2020, ɗalibai sama da 300 aka kwashe daga makarantar sakandare ta kimiyya da ke Ƙanƙara, kafin Allah ya kuɓutar da su. Yara ne kamar mu. A cikinmu akwai waɗanda suka baro ƙauyensu da ƙani a goye, akwai waɗanda suke talla ko faci bayan an tashi makaranta don a ɗora tukunya a gida. In har yaro zai ɗauki irin wannan kaya a rayuwa, me zai hana ya ɗauke shi a fim? Duk wanda ya ce labarin da yaro ke jagoranta ba shi da nauyi, kamar yana cewa namu labarin ma ba shi da nauyi ne.

Saboda haka ina da roƙo guda uku. Malamanmu na Hausa, don Allah a samo mana Tauraruwa Mai Wutsiya da Shaihu Umar a ajiye inda kowa zai iya aro. 'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, a daina ba 'yan ƙananan aji matsayin ɗan aike da mai riƙe jaka kawai, a gwada mu da babban matsayi a gani. Masu shirya fim na Kano kuma, in wannan takarda ta kai gare ku, ga Kilba nan yana jiranku fiye da shekara 50.

Shi kuwa Kawu, in ya dawo da sallah, zan roƙe shi ya zauna mu kalla tare har ƙarshe. In ya gama ya ce har yanzu na yara ne, zan tambaye shi cikin ladabi ya nuna mini wajen.

Wanda bai yarda da ni ba, ya rubuto nasa ra'ayin ya ba 'yan ƙungiyarmu, za mu liƙa shi kusa da wannan mako mai zuwa in sha Allah.

Daga ɗan'uwanku, ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare.