Filin Zane da Fasaha: Hotunan bangon ƙasar Sin da suka tsira a Landan

A wannan makon za mu leƙa gidan adana kayan tarihi na British Museum da ke Landan, inda aka ajiye hotunan da mutanen ƙasar Sin suka buga da katako. A shekarar 2010 gidan ya baje kolinsu, tun daga na ƙarni na 8 har zuwa na zamaninmu.

Ga yadda ake bugun. Mai zane zai yi zanensa a takarda marar kauri, a kife ta a kan allon katako, sau da yawa na itacen da ke dangin magarya. Sai masassaƙi ya sa wuƙa ya fefe duk inda babu zane, ya bar layukan a tsaye. A shafa tawada, a ɗora takarda, a goge bayanta, hoto ya fito. Allo guda yana iya ba da ɗaruruwan hotuna.

Daga cikin waɗanda suka fi jan hankali akwai hotunan furanni da tsuntsaye da 'ya'yan itace da gidan Ding na birnin Suzhou suka buga. Irin waɗannan na ado ne, ana manna su a bango, in sun koɗe a cire a sa sababbi. Shi ya sa kaɗan ne suka rage a ƙasar Sin. Na Landan sun tsira ne don sun faɗa hannun Hans Sloane, likitan da kayan da ya tara suka zama harsashin gidan.

Masani idan ya tsaya gaban hoto, tambayarsa ita ce: wa ya yi shi, yaushe, kuma don wa? Sloane ya rasu a 1753, don haka duk hoton da ya fito daga taskarsa ya girmi wannan shekara. Daga nan sai a duba takarda, da launi, da sunan da ke jikin hoton. Wani lokaci aikin yakan zo da sauƙi. Littafin addinin Buddha da ake kira Diamond Sutra, wanda ke ɗakin karatu na British Library, yana ɗauke da shekarar 868 da sunan Wang Jie, mutumin da ya sa a buga shi saboda iyayensa. Wani Bature mai suna Aurel Stein ne ya kai shi Ingila daga kogon Dunhuang, kuma har yau ana muhawara kan ko ya dace irin waɗannan kaya su zauna nesa da gida.

Shi kuwa mai zane, abin da ya dame shi shi ne yadda hannu ya yi aikin. A 1633 Hu Zhengyan ya fitar da littafin koyon zane a birnin Nanjing, inda aka yi wa kowane launi ƙaramin katakonsa, ana buga su ɗaya bayan ɗaya har hoton ya yi kama da zanen buroshi. Bayan shekara 300, marubuci Lu Xun da abokinsa Zheng Zhenduo sun sa aka sake sassaƙa wani aikin Hu don kada dabarar ta ɓace. Shi Lu Xun ɗin ya shirya wa matasa ajin koyon sassaƙar katako a Shanghai a 1931. Daga baya Xu Bing ya shafe shekaru, daga 1987, yana sassaƙa haruffa kusan 4,000 masu kama da rubutun Sinanci amma ba su da ma'ana, ya buga littattafai da su. Mutane suka riƙa tsayawa suna ƙoƙarin karanta abin da ba ya karantuwa.

Duk su biyun ana bukatarsu. Ba don masani ba, da ba a san tarihin hoton ba. Ba don mai zane ba, da sana'ar ta tsaya a cikin akwati.

Aikin gida: ku raba dankali biyu, ku zana harafin farko na sunanku a juye, ku fefe gefensa a hankali, babba yana kusa. Ku shafa tawada ku danna a takarda sau goma, sannan ku kwatanta na farko da na ƙarshe. Ku aiko mana da abin da kuka lura. Sai mako mai zuwa.