Ra'ayinmu: A Auna Illar Aiki Tun Yana Kan Takarda

Masarautar Zuru ta yi iyaka da Jihar Zamfara, saboda haka abin da ya auku a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a shekarar 2010 ba labarin nesa ba ne gare mu. A ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, mutane sun riƙa kwaso duwatsun zinariya daga ramuka suna niƙawa a cikin gidajensu, ba su san duwatsun cike suke da dalma ba. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci da ruwan sha. Yara fiye da 400 suka rasu. Bagega kuwa sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Shekara biyar bayan aukuwar ta Zamfara, irin wannan musiba ta sake faɗa wa ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda ita ma maƙwabciyar jiharmu ce.

Mu malamai muna da dalili na musamman na damuwa da wannan al'amari. Gubar dalma ba kisa kaɗai take yi ba. Yaron da ya tsira daga gare ta yakan tashi da rauni a ƙwaƙwalwa, ya kasa riƙe karatu, ya kasa natsuwa, kuma raunin ba ya warkewa. Irin wannan yaro aji zai zo, a gabanmu zai zauna, mu yi ta maimaita masa baƙi da wasali, iyaye su ce malami ya gaza, malami ya ce yaro daƙiƙi ne, alhali ɓarnar ta riga ta auku tun bai kai shekarun shiga makaranta ba.

Ba doka ce babu ba. Bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988 (Kokon Jihar Delta ta yanzu muke nufi, ba tamu ta Kebbi ba), gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara, sannan a 1992 ta fitar da Doka ta 86, wadda ta wajabta a binciki illar da babban aiki zai yi wa ƙasa da ruwa da iska da jama'a kafin a fara shi. Doka ce mai kyau. Da tana nan lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wataƙila da an tsaya an lissafa gonakin da ruwa zai ci da fadamun da za su bushe a ƙasan madatsar, da ba a kai ga zubar da jinin manoma a 1980 ba.

Amma dokar tana da gurgunta, kuma a nan maganarmu take. Aiki ɗaya-ɗaya take kamawa, aikin da yake da mai shi da takardu da ofis. Ba ta kama manufar da ta haifi aikin. A lokacin da rahoton bincike zai fito, an riga an yanke shawara a Abuja, an sa kuɗi a kasafi, wani lokaci ma an ba da kwangila, sai binciken ya zama ihu bayan hari. Mai haƙar zinariya da diga da shebur da injin niƙa kuwa ba ya rubuta wa kowa rahoto. Idan gwamnati ta ƙudurta cewa ma'adinai za su rage mana dogaro da man fetur, kamar yadda Shirin Raya Ƙasa na 2021 zuwa 2025 ya nuna, kuma ta zaɓi Kebbi cikin jihohin farko na shirinta na ƙananan masu haƙar zinariya, to wannan ƙuduri kansa ne ya kamata a fara ɗorawa kan ma'auni. A ina za a niƙa dutse? Nawa ne nisansa da rijiya da makaranta? Wa zai gwada dutsen ya ga ko akwai dalma a ciki, wa zai auna jinin yara, kuma daga wane asusu? Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa.

Ba mu ƙin haƙar ma'adinai. Mun san halin da samarinmu ke ciki, mun san abin da rashin tsaro ya yi wa noma a Danko/Wasagu da Sakaba, kuma wanda bai ba mutum abinci ba ba shi da bakin hana shi nema. Abin da muke ƙi shi ne a tsara arzikin a sama, a bar wa ƙauye lissafin asarar.

Akwai kuma batun jin ra'ayin jama'a. Tsarin da ake bi shi ne a ajiye rahoton bincike a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli har kwana 21 na aiki, domin mai ƙorafi ya rubuta. Rahoto ne mai kauri, da Turancin masana. Manomin da gonarsa ke cikin taswirar bai san an ajiye ba, ko ya sani ba zai iya karantawa ba. Muna kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Jiha da ta sa a taƙaita kowane rahoto da ya shafi ƙasar Zuru cikin Hausa da C'lela, a karanta shi a rediyo da fadar hakimi. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru ita ce ta fi cancanta a ba ta aikin gwada ƙasa da ruwan wuraren haƙa, a kuma bayyana sakamakon ga kowa.

Ga 'yan'uwa malamai, musamman na makarantun da ke kusa da ramukan haƙa: a yawancin ƙauyukanmu malami ne mutumin da ake kawo wa takarda ya karanta. Duk wanda ya ji an ajiye irin wannan rahoto a sakatariya, ya je ya duba, ya sanar da ofishin reshe kafin wa'adin ya cika. Wanda kuma ya ga ana niƙa dutse a cikin gida ko kusa da makaranta, ya kai maganar ga shugaban makaranta da kwamitin iyaye da mai unguwa a ranar.