Tiredin ɗin Minti Biyar Caca Ce, Ko da An Sa Mata Babbar Riga



Watanni ke nan muna goge talla iri ɗaya daga wannan shafi da kuma zauren WhatsApp na ƙungiya: hoton waya mai jan layi da kore, hoton alat na banki, sai a rubuta a ƙasa cewa a zo a koyi tiredin, a mayar da dubu goma ta zama dubu ɗari kafin Juma'a. Masu turowa 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, wasu daga Hausari, wasu daga Gwange da Bulunkutu. Wasunsu sun ji haushi, har an ce shugabannin ƙungiya suna toshe wa matasa hanyar arziki. Tunda magana ta kai nan, gara mu faɗi dalilinmu a bainar jama'a.

Matsayinmu shi ne: wannan ciniki na opshin na ɗan gajeren lokaci, wanda ake yi a waya cikin minti ɗaya, minti biyar ko yini guda, caca ce. Sa mata sunan Turanci bai canza ta ba.

Bari mu fara da abin da ake saya. Mai sayen opshin bai sayi hannun jarin kamfani ba. Abin da ya biya wa kuɗi shi ne damar sayen hannun jarin, ko sayar da shi, a kan wani farashi kafin wani wa'adi. Misali, ka ba mai wake a kasuwar Gamboru naira dubu biyu a kan ya riƙe maka buhu a farashin yau zuwa Juma'a. In wake ya tashi, ka ci. In bai tashi ba, dubu biyunka ta tafi. Wani zai ce ai kafin alƙalami ke nan. To, mai ba da kafin alƙalami waken yake so, zai zo da Keke Napep ya ɗauka. A nan kuwa babu mai son waken. Takardar alkawarin kawai ake juyawa daga hannu zuwa hannu, kuma darajarta tana narkewa kullum kamar ƙanƙara a zafin Yerwa na watan Afrilu. Ko da hasashenka ya yi daidai, in farashin bai motsa cikin wa'adin ba, kuɗinka sun ƙone.

Wanda ya fi yawa a wayoyin yaranmu ma ya fi wannan muni, wato wanda suke kira bainari. Manhaja za ta tambaye ka: nan da minti biyar farashin hannun jarin Apple, ko zinare, ko dala, zai hau ne ko zai sauka? Ka danna kore ko ja. Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A ce manhajar tana biyan kashi 80 cikin 100. Ka zuba dubu ɗaya: in ka ci, ribarka ɗari takwas, in ka faɗi, dubu ɗayan duka ta tafi. Ka buga sau goma, ka ci biyar, ka faɗi biyar. Ka samu dubu huɗu, ka rasa dubu biyar. Rabin hasashenka daidai ne, amma aljihunka ya ragu da dubu guda. Kafin uwar kuɗinka kawai ta dawo, sai ka ci wajen sau 56 cikin 100, kullum, ba fashi. Wane ne a doron ƙasa ya san inda farashin zinare zai nufa nan da minti biyar? Sannan a yawancin waɗannan manhajoji, wanda kake karawa da shi shi ne mai manhajar: asararka ribarsa ce, kuma shi ke nuna maka farashin.

Ana ce mana wai mu ne ba mu waye ba. To mu duba ƙasashen da aka ƙirƙiro abin. Hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta hana sayar wa talakawa bainari a watan Yulin 2018. Birtaniya ta mayar da haramcin na dindindin a Afrilun 2019. Ostireliya ta bi sahu a 2021. Isra'ila, inda kamfanonin suka yi sansani shekara da shekaru, majalisarta ta haramta sana'ar baki ɗaya a 2017. Abincin da masu gida suka zubar shi ake kwaso mana a faranti, ana cewa ci gaba ne.

Masu ɗan karatu a cikinsu za su ce su ba bainari suke yi ba, opshin na gaskiya suke yi a kasuwar da hukuma ta sani. Mu je Indiya, ƙasar da talakawa suka fi kowa rububin wannan ciniki. Hukumarsu ta SEBI ta bi asusun mutane sama da miliyan goma na tsawon shekara uku, ta fitar da sakamako a Satumbar 2024: kashi 93 cikin 100 asara suka yi, jimillar asarar ta haura rufi tiriliyan 1.8. Ribar kuma ta tafi ga manyan kamfanoni masu ciniki da kwamfutoci, waɗanda ke saye da sayarwa kafin ɗan Adam ya ƙifta ido. Waɗannan mutane suna da wuta, suna da intanet mai ƙarfi, suna da hukuma mai sa ido. Kai da kake cajin waya a shagon mai janareta, sabis yana ɗaukewa ana tsakiyar ciniki, da me za ka fi su?

Ana kuma cewa kowace kasuwa akwai riba akwai asara. Gaskiya ne, kuma babu wanda zai koya wa mutanen Yerwa wannan. Amma ɗan kasuwar da ya saro banda a Baga Road ya kai Onitsha, in farashi ya karye, kifinsa yana nan; zai rage kuɗi ya sayar, wani ya ci, direba ya samu, ɗan dako ya samu. Mai shanu a Kasuwar Shanu in bai sayar yau ba, gobe ma rana ce. A cinikin minti biyar, agogo na bugawa babu kifi, babu sa, babu ko igiya. Kuɗi ne kawai suka tashi daga aljihun wani suka faɗa na wani. Shi ya sa malamai ba su yi wata-wata ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta yanke cewa cinikin opshin kamar yadda ake yin sa a kasuwannin duniya bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfani ba ne da shari'a ta yarda a karɓi kuɗi a kansa. Hukuncin caca kuwa yana nan a Suratul Ma'ida, kowane ɗan Islamiyya ya san shi.

Yanzu ga ku masu buɗe aji da masu sayar da sigina a Telegram da TikTok. Tambayarmu ɗaya ce: in da gaske kuna ninka kuɗi kowane mako, me kuke yi da dubu biyar ɗin rajistar ɗan makaranta? Mai rijiyar zinare ba ya tsayawa sayar da guga. Mun san yadda abin yake: kuna da linki, duk wanda ya shiga ta hannunku ya zuba kuɗi ana ba ku la'ada, ko ya ci ko ya faɗi. Hoton ribar da kuke nunawa sau da yawa na asusun gwaji ne, kuɗin wasa. Ranar asara ba a ɗaukar hoto. Ku ji tsoron Allah, yaran da kuke ja ƙannenku ne.

Mun ga irin wannan rawa a baya. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Masu danna waya dare da rana saboda Hamster Kombat sun ga abin da fashewar Satumbar 2024 ta ba su. CBEX, wadda ita ma da sunan tiredin ta zo, ta kife a Afrilun 2025, har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan. Kowane karo suna ne yake canzawa, kukan ƙarshe iri ɗaya ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ba mu raina halin da matasanmu suke ciki ba. Babu aiki, tsadar rayuwa ta kai inda ta kai. Wannan gari ya ga shekarun tashin hankali, ya ga gobarar Monday Market a Fabrairun 2023, ya ga ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024. Akwai gidajen da jarinsu gaba ɗaya bai kai kuɗin babur ba, shi ma da karo-karo aka haɗa. Wannan ne ma ya sa muke ɗaga murya. Mai kuɗi in ya zubar da dubu ɗari zai yi tsaki ya wuce. Namu yaron in ya zubar, kuɗin adashin mahaifiyarsa ne, ko kuɗin makaranta, ko cinikin shagon ubangidansa da ya ɗauka da niyyar mayarwa kafin a lura. Daga nan sai bashin manhajojin lamuni, sai ɓuya, sai zumunci ya lalace.

Wanda yake son kasuwar hannun jari da gaske, ƙofa a buɗe take. Ya nemi dillali mai rajista da hukumar SEC, ya sayi hannun jari na ainihi a kasuwar NGX, a kamfanin da ya san abin da yake sarrafawa, ya riƙe shekaru yana karɓar rabonsa. Akwai Sukuk na Gwamnatin Tarayya da aka fara a 2017, ana shiga da naira dubu goma, kuɗin kuma hanyoyi ake ginawa da su. A nan ma ana iya asara, kuma ba a kuɗancewa a mako guda. Amma akwai dukiya a ƙasa, akwai ofishin da za ka kai ƙara.

Saboda haka ƙungiya ta tsaya a kan abu uku. Na ɗaya, duk wanda ya sake tura tallar tiredin, sigina ko linki a shafi ko zauren ƙungiya, za a goge a yi masa gargaɗi, in ya maimaita a cire shi. Na biyu, ba za a ba da rance daga asusun taimakon juna don wannan harka ba, kuma wanda ya karɓa da sunan sana'a ya zuba a ciki, shi da wanda ya tsaya masa za su biya. Na uku, wanda ya riga ya faɗa, musamman in kuɗin wani ne, ya samu ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya a asirce tun bashin bai ninka ba. Ba za a tona masa asiri ba. Abin da muke roƙo kawai, kada ya sake zubawa da sunan zai fanshe, domin ta nan rami yake zurfi.

Iyaye, a riƙa tambaya. Iyayen gida a kasuwa, a riƙa duba littafi. Kunne in ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba matasanmu sana'a mai albarka, Ya tsare mana halaliyarmu, Ya ƙara wa Borno lafiya. Amin.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya,
Yerwa.