Shafi ɗaya, rubutu uku

A wannan mako hirarmu ta shafi takarda, wadda ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati ba su rabuwa da ita.

Duk wanda ya san Gaya ya san gari ne mai ƙofa uku. Ka ƙetare gadar kogin Kwara kana Malanbil ta ƙasar Benin. Ka nufi gabas kana Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Ka yi arewa kana bisa hanyar Doso da Yamai. Shi ya sa takardar ciniki guda takan ɗauko rubutu iri uku: Faransancin ma'aikata, bokon Hausa, da ajamin da dattawa ke riƙe lissafinsu da shi. Kowane yana da ƙa'idarsa, kuma in suka haɗu babu mai raba musu wuri, sai rikici. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Rikici na farko yana ga sunaye. Sautin da boko ke rubutawa u, Faransanci na rubuta shi ou. C na zama tch, sh na zama ch. Ta haka Dogon Dutsi ya koma Dogondoutchi, Cadawa ta koma Tchadoua. Mutum ɗaya, katinsa na ɗan ƙasa ya ce Ousmane, abokin cinikinsa na Kamba ya aiko masa kuɗi da sunan Usman. Ma'aikacin da ya ƙi biya ba mugunta ya yi ba, haruffa biyu ya gani ba su dace ba. Mai kuɗi kuwa ya yi asarar yini, wataƙila har da cinikin da ya fito dominsa.

Na biyu yana ga haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ukun farko sun shigo bokon Hausa tun shekarun 1930, an zauna a kansu a taron UNESCO na Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijar da na Najeriya. A 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasarmu ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, inda ake rubuta ƴan kasuwa, alhali a Najeriya 'yan kasuwa ake rubutawa. Keken rubutu na da, wanda aka ƙera don Faransanci, ba shi da waɗannan haruffa, sai magatakarda ya yar da ƙugiya. Nan fa baƙi ya zama baki, faɗa ya zama fada, ƙafa ta zama kafa. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa, don haka kwamfuta ta san su. Amma in salon haruffan da aka zaɓa bai ɗauke su ba, sai ka ga ƴan akwatuna ko alamar tambaya a gurbinsu. Laifin na salon haruffa ne, a sauya shi kawai.

Na uku yana ga alkibla. Ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu, boko da alƙaluman lissafi daga hagu zuwa dama. In aka cusa su layi ɗaya a kwamfuta ko salula, sau da yawa kalmomi kan sauya wuri, lambar kaya ta faɗa gaban sunan da ba nata ba. Maƙwabtanmu ma sun sha muhawara kan zaman rubutun biyu a takarda guda: a 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, ya sa boko a madadinsa, a 2014 kuma sabuwar naira 100 ta fito babu shi. Dattijon da ajami kaɗai ya iya, shi ya ji a jikinsa.

Na huɗu, wanda ya fi cin dukiya, yana ga lissafi. Mai Faransanci in ya rubuta 1,500 yana nufin ɗaya da rabi. Mai Ingilishi yana nufin dubu da ɗari biyar. Ko a baki ma haka: jikka a wajenmu sefa 1000 ce, wato dala 200, amma jaka a tsohon lissafin Najeriya naira 200 ce.

To mene ne magani? Ba sai an kori wani rubutu ba, a ba kowane wurinsa. Suna, a kwafe shi harafi da harafi daga katin ɗan ƙasa, kuma a aika wa abokin ciniki hoton katin tun kafin ya tura kuɗi. Jimla, a rubuta ta da alƙaluma, a maimaita da kalmomi, a faɗi ko sefa ce ko naira. Ajami ya samu layinsa shi kaɗai, boko ma haka. Magatakarda ya buga gwajin ɓ, ɗ, ƙ, ƴ kafin ya fitar da takardu ɗari. In kuwa shafi ya rikice, kada a taɓa komai gaba ɗaya; a cire abu ɗaya a duba, a mayar, a cire na gaba, har a gane mai laifi.

Ga ma'aikata kuma roƙonmu shi ne, a karanta wa mai takarda abin da aka rubuta kafin ya sa hannu, musamman wanda bai yi lakwal ba. Minti biyu ne, amma sun fi tafiya Doso neman gyara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.