Sabuwar Salansa Ba Ta Wajabta Sabuwar Ƙwaƙwalwa

Duk ranar da mai babban babur ya cire salansar kamfani ya ɗaura wadda ta fi ta amo, ba a kwana biyu sai an sami mai ce masa aikinsa bai cika ba. Za a gaya masa cewa injin ya fara shaƙar iska fiye da da, man da ke isa gare shi ya yi kaɗan, kuma muddin bai sayi na'urar daidaita mai ba, bawul na gab da ƙonewa. Maganar tana da tushe, sai dai an fi jin ta daga bakin mai talla fiye da bakin makanike. Ga babur ɗin da salansa da matatar iska kaɗai aka canza masa, sau da yawa na'urar da ta dace ita ce mafi sauƙi, wani lokacin ma babu buƙatarta.

Injin fetur yana ƙone mai ƙurmus idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, bisa nauyi. Amma ya fi ba da ƙarfi, kuma ya fi yin sanyi, idan man ya ɗan rinjaya, wato kusan 13 da 1. Kamfanoni sun san haka sarai. Dokokin hayaƙi ne, irin su Euro 5 da ta fara aiki kan sababbin babura a Turai a 2020, suke tilasta musu tsuke mai a ƙaramin gudu. Daga nan ne fizgar da ake ji a cunkoso take fitowa, da zafin da ke gasa cinya a tsakiyar rana.

Baburan da suka cika titunan Arewa, irin su Bajaj Boxer, galibinsu kafireta gare su, kuma gyaran mansu bai wuce sukudireba da kunnen makanike ba. Zancen nan na manyan babura ne masu injekta, waɗanda akasari ake shigowa da su na hannu daga Amurka da Turai. A cikinsu, wata ƙaramar kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke yanke yawan man da za a fesa, tana bin jadawalin da kamfani ya rubuta mata.

Abin da mai talla ba ya son ya daɗe a kai shi ne, wannan ƙwaƙwalwa ba makauniya ba ce. Akwai sansa a bututun hayaƙi da ke auna ragowar oksijin tana kai mata rahoto. Idan babur yana tafiya a natse, totur a wuri ɗaya, ƙwaƙwalwar tana gyara man da kanta sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Salansar da aka ɗaura a ƙarshen bututu kuwa, musamman idan akwatin tace hayaƙi yana nan a gabanta, ba ta canza numfashin inji sosai, kuma ɗan canjin da ta kawo yana cikin abin da ƙwaƙwalwar ke iya shanyewa. Lissafi yana canzawa ne idan aka sauya bututun tun daga bakin inji, aka cire akwatin tacewa, aka buɗe akwatin iska. A nan kam, idan aka murɗa totur har ƙarshe, ƙwaƙwalwar takan daina sauraron sansa ta koma kan tsohon jadawali, wanda aka rubuta domin babur ɗin da yanzu babu shi.

Hatta tartsatsin ƙara da salansa ke yi idan an saki totur, wanda ya tura mutane da yawa kasuwa a firgice, ba lallai alamar ciwo ba ne. Babura da dama suna da tsarin da ke tura iska cikin bututu domin ƙone ragowar mai, kuma tsohuwar salansa ce take danne ƙarar. Wani lokaci ma mahaɗar bututu ce ba ta ɗauru da kyau ba, gyaran da bai fi ƙarfin sifana ba.

Idan buƙata ta tabbata, na'urorin iri uku ne. Na farko masu yaudarar sansa, kamar BoosterPlug na ƙasar Denmark, wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka iskar waje ta fi yadda take sanyi, sai ta ƙara mai kaɗan. Minti kaɗan ake ɗaura shi, amma inda sansar hayaƙi ke da iko, tana janye abin da ya ƙara. Yana tausasa fizga, iyakarsa ke nan. Na biyu su ne masu shiga tsakanin ƙwaƙwalwa da injekta. Power Commander na kamfanin Dynojet ya fi shahara, yana ƙara ko rage mai bisa gudun inji da buɗewar totur. EJK na Dobeck kuma da maɓallai da fitilu ake saita shi, ba a buƙatar kwamfuta. Na uku masu sake rubuta jadawalin ƙwaƙwalwar ita kanta, irin Fuelpak FP3 na Vance & Hines, wanda aka yi domin Harley-Davidson kuma ake sarrafa shi da wayar hannu.

Na ukun ya fi tsafta a aiki, ba ya ƙara waya ko mahaɗar da ƙurar hunturu da ruwan damina za su shiga. Amma shi ne ya fi wuyar warwarewa idan aka yi kuskure, kuma shi ne ya fi jawo rigima da hukuma. A watan Agustan 2016, Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 a Amurka saboda sayar da kusan 340,000 na wata na'urarsa ta saita inji, wadda hukumar kare muhalli ta ce tana ƙara gurɓata iska. Mai babur a Kaduna ba ya fargabar wannan hukumar, amma hayaƙin iri ɗaya ne, kuma 'ya'yan unguwarsa ne ke shaƙa.

Ga mai ƙaramin canji, irin na biyu ya fi dacewa, bisa sharaɗi ɗaya: a sami jadawalin da aka yi wa wannan babur ɗin, na wannan shekarar, da irin wannan salansar. Jadawalin aro rigar aro ce. Amfanin wannan iri shi ne ana zare shi babur ya koma yadda kamfani ya yi shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda matsala za ta iya kamawa a hanyar Zariya zuwa Funtuwa, nesa da makaniken da ya san na'urar. Inda samun injin gwajin ƙarfi na daino yake da wuya, ƙarin AutoTune na Dynojet, mai sansar da ke karanta haɗin iska da mai dalla-dalla, ya fi kintace da kunne.

Sai batun man da kansa. Jadawalin da aka tsara da fetur ɗin wata ƙasa, aka matse shi domin ƙarfi, ba ya barin sarari ga man da ba a san asalinsa ba, kuma waɗanda suka ga abin da fetur mai yawan methanol ya yi wa injuna a Najeriya a watan Fabrairun 2022 ba sa buƙatar dogon bayani. Jadawalin kamfani, duk da tsukewarsa, an yi shi ne ya jure irin wannan. Haka kuma kowace na'ura da ke ƙara mai tana ƙara kuɗin tanki, abin da ya daina zama wasa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Saboda haka tsarin da ya fi hankali ba ya farawa daga shago. A ɗaura salansa, a tabbatar babu yoyon iska, a wanke matata, a hau babur ɗin mako biyu ko uku, sannan a zare filogi a duba launinsa. Idan yana da launin ƙasa-ƙasa, inji ba ya fizga, ba ya ƙara zafi, kuɗin na'urar ya fi amfani a kan sababbin tayoyi da burki.