Da A Ce Bahaushe Ne Ya Ƙirƙiro Harshen Kwamfuta

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa, mu taɓa wata 'yar kalma mai harafi huɗu wadda aka rataya duk aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa a wuyanta, wato “idan”. Kada mai karatu ya ce wannan zancen injiniyoyi ne ya juya shafi. Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya ce masa, “In ka sami tumatir saya, in babu ka sayo tattasai,” ya riga ya san rabin darasin.

Kwamfuta dai ba ta da wayon kanta. Abin da aka rubuta mata shi take bi, layi bayan layi, kuma duk inda hanya ta rabu biyu sai an kafa mata sharaɗi. Wayar da ke aljihunka haka take aiki: idan lambar sirri daidai ce ta buɗe, in ba haka ba ta ƙi, in kuwa ka yi kuskure sau uku ta toshe layin. Mu malamai da ke lissafa makin yara da Excel na Faransanci mun san shi da sunan SI. Mukan rubuta =SI(B2>=10;"ya ci";"ya faɗi"), na'ura ta raba aji gida biyu ba tare da ta kalli fuskar ɗan kowa ba.

Wannan kalma tana da tarihi. A harshen FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957 a ƙarƙashin John Backus, IF ɗin farko ƙofa uku gare shi: a duba lamba, in ta gaza sifiri a bi nan, in sifiri ce a bi can, in ta haura a bi ta ukun. Harshen ALGOL 60 ne ya yaɗa tsarin da aka sani yau na if, then, else, wato idan, to, in ba haka ba. Da aka zo ALGOL 68 sai masanan suka nemi kalmar rufe sharaɗi, suka juya if ta baya ta koma fi, kuma har yanzu masu aiki da Linux suna rubuta ta kullum. Larry Wall, mai harshen Perl na 1987, ya ƙara unless, wato “sai dai in”. Faransawa kuma a shekarun 1970 sun koyar da ɗaliban sakandare wani harshe nasu mai suna LSE, da kalmomin SI, ALORS, SINON, irin waɗanda yaranmu ke kwafa daga allo a nan Njamena.

Masu wannan sana'a suna da barkwancinsu. A 1972 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Princeton a Amurka, Don Woods da James Lyon, suka ƙirƙiro harshen INTERCAL don tsokana kawai. A cikinsa akwai kalmar PLEASE, wato “don Allah”. In ka yi rowar ta, ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na umarninka ba, na'ura ta ƙi aikin, ta ce ba ka da ladabi. In ka wuce ɗaya cikin uku ta sake ƙi, ta ce ladabin ya yi yawa. A 1973 kuma wani mai suna Lawrence Clark ya ba da shawara a mujallar Datamation, cikin raha, cewa a daina cewa na'ura “tafi can”, a riƙa ce mata “zo daga can”.

To, tun da an buɗe ƙofar wasa, mu ma ga namu. Da a ce a wani zaure na Kano ko Damagaram aka zauna aka tsara harshen kwamfuta, da ga yadda zai kasance.

Da farko, ba za a shiga aiki ba sai an gaisa. Layi uku na farko dole su zama INA KWANA, INA GAJIYA, YAYA IYALI. Wanda ya tsallake su ya faɗa kan umarni kai tsaye, na'ura za ta rubuto masa: “Ɗan gidan wane ne kai?” A nan mun fi INTERCAL sauƙi, domin a wurinmu gaisuwa ba ta yin yawa.

Sharaɗi na yau da kullum ba shi da wuya: IDAN, TO, IN BA HAKA BA, a rufe da SHI KE NAN. Amma amsar “e” da “a'a” za mu ɗauko su daga Kasuwar Gero. “E” ta zama NA SALLAMA, “a'a” ta zama ALBARKA, domin ɗan kasuwar kirki ba ya cewa a'a a fuskar mai saye. Ƙofofi uku na FORTRAN ma a kasuwa suke: in tayi ya gaza, ALBARKA, in ya yi daidai, KAWO KUƊI, in ya haura, a naɗe kaya da sauri kafin mai saye ya farga. Sai dai a yi hattara da ma'auni. A nan garin in an ce riyal ashirin ana nufin sefa ɗari, kamar yadda mutanen Maraɗi ke lissafi da dala. Na'urar da ba a gaya wa haka ba za ta karya mai shago cikin mako guda.

Sai MUDDIN, wanda zai maimaita aiki har sharaɗi ya gushe. Misalinsa sananne ne ga duk wanda ya kai ɗinki ana saura kwana goma Sallah: MUDDIN mai kaya ya leƙo, a ce masa GOBE. Masana suna kiran wannan zagaye marar ƙarshe, kuma maganinsa a kwamfuta shi ne a kashe ta a kunna. A wurin tela ba a gano maganin ba tukuna.

Akwai KO DA, wanda ke aiki ko sharaɗi ya cika ko bai cika ba, kamar mai gidan haya ranar ɗaya ga wata. Akwai IN DA HALI, wanda na'ura za ta karanta, ta gyaɗa kai, ta wuce. Akwai DA A CE, inda za ka rubuta duk abin da ranka ke so, gidan bene a bakin kogin Shari da mota da rijiyar burtsatse, domin ba za a taɓa aiwatar da shi ba. Akwai kuma DA NA SANI, wanda ba ya tashi sai bayan ɓarna ta auku. Wurinsa a ƙarshen takarda ne, tun da Hausawa sun ce ƙeya ce, a baya take.

Kalmar da za ta fi wahalar da injiniya ita ce TO. Ka ce wa dattijo ka zo neman auren 'yarsa ya ce “to”. Ka ce wa abokinka ya ranta maka jaka biyar ya ce “to”. Ka faɗa wa uwargida za ka yi baƙi goma da daddare ta ce “to”. Uku ɗin nan babu wanda ya yi kama da wani, kuma sai mai kunne ya san wanne ne yarda, wanne ne “na ji”, wanne ne gargaɗi. Abin mamaki, masu harshen SQL, wanda bankuna da ofisoshi ke ajiye bayanai da shi, sun ci karo da irin wannan, har suka ƙara amsa ta uku bayan gaskiya da ƙarya, wato “ba a sani ba”. Mu mun riga su da ƙarnuka.

Wasa ke nan, amma sharaɗin da aka rubuta ba daidai ba yana da tsada. Ranar 15 ga Janairu 1990 hanyar wayar nesa ta kamfanin AT&T a Amurka ta rikice har kusan awa tara, kira wajen rabi ba su shiga ba, saboda kalma guda, break, da aka ajiye a muhallin da ba nata ba cikin wani sharaɗi. A 2014 aka gano cewa layi ɗaya da aka maimaita a ƙarƙashin wani if a na'urorin Apple yana sa a tsallake binciken da ke tabbatar da cewa shafin da ka shiga na gaskiya ne. Layi ɗaya tak, amma miliyoyin wayoyi sai da aka aika musu gyara.

A nan ne muke ganin na'ura tana da abin da za ta koya mana. Mai rubuta mata umarni dole ya tambayi kansa, in abin bai faru ba fa? Mu kuwa wannan tambaya muke jin nauyin yi. Dubi adashin matanmu da asusun ƙungiyoyinmu na unguwa. Kowa ya san in wata ya ƙare za a zuba, in layinka ya zo za ka ɗauka. Amma in wadda ta riga ta ɗauka ta ƙaura Kuseri ko Abeshe fa? In mai riƙon kuɗi ya kwanta ciwo fa? Ba a faɗa ranar farawa, don kada a ce mutum yana mugun fata, sai ranar da abin ya auku a nemi mai raba faɗa, zumuncin shekaru ya lalace a kan jaka ashirin. Rubuta “in ba haka ba” tun ana dariya ya fi arha, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma muna da abin da za mu tuna wa yaranmu. Yaron da ya kwafi SI da SINON daga allo yakan ɗauka wannan tunani na Faransanci ne, in ya koma gida sai ya rataye shi tare da rigar makaranta. Alhali kalmar algoritim kanta daga sunan Alhawarizmi aka samo ta, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Kuma duk yaron da ya karanta Ahalari a gaban malamin zaure ya riga ya haddace sharaɗi mai rassa: in ka rage a salla ƙabli, in ka ƙara ba'adi, in ka haɗa ragi da ƙari ƙabli. Babu littafin kwamfuta da ya fi wannan tsari.

Abin da ke damunmu shi ne, a garin da makaranta ke tafiya da Faransanci da Larabci, titi da kasuwa kuma da Larabcin Chadi, Hausar yaranmu tana ƙanƙancewa ta koma ta gaisuwa da aike. Muna jin yara masu iya cewa “kan” da Larabci da “si” da Faransanci, amma ba sa bambanta “in ka zo za mu ci” da “da ka zo da mun ci”. Na farko ƙofa ce a buɗe, na biyu ƙofar da ta riga ta rufe. Yaron da ya riƙe wannan bambanci a harshen uwarsa, da “muddin” da “sai dai in” da “ko da”, ba zai sha wahala ba ranar da ya zauna gaban na'ura, ko da wane harshe aka rubuta umarnin. Saboda haka iyaye, in za ku aiki yaro, ku aike shi da cikakkiyar Hausa mai sharaɗi da reshe, ku sa ya maimaita muku kafin ya fita. Darasin kwamfuta ne kyauta, ba ya bukatar lantarki.

Masu karatu da ke da wasu kalmomi da suka dace da wannan harshe namu su aiko wa wannan shafi, musamman wanda ya san yadda za a fassara wa na'ura “ina zuwa” da “ga ni nan tafe”. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wannan sharaɗi kam ba shi da “in ba haka ba”.