Wahalar dabba tana da ma'auni, asararta tana da mai biya



Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar dabbobi ranar lodi ya san abin da ido yake gani: a murɗe wutsiyar sa, a zuba masa sanda, a ja rago da ƙafa guda, a cusa su cikin babbar mota har wani ya hau bisa wani. In ka yi magana sai a ce maka ai yanka za a yi. Wannan amsa ce muke son mu ɗora bisa sikeli a wannan mako, domin masana sun daɗe da gano cewa wahalar dabba aba ce da ake aunawa, kuma aljihun ɗan kasuwa ne yake biyan ta.

Mu fara da nama. Cikin tsokar dabba mai rai akwai wani irin sukari da jiki yake ajiyewa. Bayan yanka, wannan sukari yana rikiɗewa ya zama tsami, irin tsamin da yake kama nono. Masana suna auna shi da ma'aunin da suke kira pH: naman sa mai lafiya yana sauka daga wajen 7 zuwa wajen 5,5 cikin awa 24. Wannan tsami shi ne yake ba nama launi mai kyau, yake kuma rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. To dabbar da ta kwana biyu a mota ba ruwa ba abinci, ga duka ga tsoro, ta ƙone sukarinta tun kafin wuƙa ta taɓa ta. Namanta sai ya tsaya sama da 6, ya yi duhu, ya lalace da wuri. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda mahauta da yawa ba su da firji, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ga kuma shatar sanda: inda jini ya kwanta sai an yanke an yar, fatar da bulala ta tsaga ko ƙarfen lamba ya ƙona kuwa darajarta ta faɗi. Ƙasar da jar akuyar Maraɗi ta yi wa suna a kasuwar fata ta duniya bai kamata ta yi wasa da wannan ba.

Yaya ake auna wahalar kanta? A Ingila aka fara, da rahoton Brambell na 1965, wanda daga baya ya haifar da ƙa'idoji biyar: dabba ta kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa, daga matsi, daga ciwo da rauni, daga tsoro, kuma ta samu halin yin ɗabi'arta. Amma ƙa'ida a takarda ba ta hana sanda sauka. Wadda ta mai da ita lissafi ita ce Temple Grandin, malamar jami'a a jihar Kolorado ta Amurka. A 1996 ta zaga mayankun ƙasarsu tana ƙidaya: cikin shanu ɗari, nawa suka faɗi, nawa suka yi kuka yayin da ake kora su, nawa aka zungura da sandar lantarki. Ma'aunin da aka tsayar shi ne kada masu faɗuwa su wuce ɗaya cikin ɗari, masu kuka kada su wuce uku. Da kamfanin McDonald's ya fara binciken masu sayar masa da nama da wannan ma'auni a 1999, mayanku suka gyara cikin gaggawa, don kowa yana tsoron rasa ciniki.

Abin lura shi ne yawancin gyaran ba na tsada ba ne. Sa yana turjewa in ya ga inuwa a ƙasa, ko ruwa mai ƙyalli, ko sarƙa tana lilo, ko in daɓe yana da santsi. In mai kora ya tsaya bayan kafaɗarsa sai ya yi gaba, in ya tsaya gabanta sai ya ja baya. Bafulatani da Buzu sun san wannan tun suna yara. A wajen lodi da mayanka ne ake mance shi.

Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris, wadda Nijar take cikinta, ta amince da ƙa'idojin sufuri da yanka tun 2005. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce bayan tafiyar awa 14 a tsaya aƙalla awa guda a shayar da shanu da tumaki. Kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce: hadisin da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, malamai kuma sun hana a wasa wuƙa a gaban dabba.

Saboda haka kiranmu biyu ne. Ga ma'aikatan kiwo da likitocin dabbobi da suke duba nama a mayankun Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: littafi da alƙalami sun isa. A ƙidaya dabbobi ɗari kowane wata, a rubuta nawa suka faɗi, nawa suka iso da karaya, nawa aka tarar da kwantaccen jini a jikinsu, a nuna wa sarkin fawa da shugabannin dillalai. Abin da aka rubuta ba a musun sa. Ga ƴan kasuwa kuma: kai Alhaji da ka zuba dukiyarka cikin mota guda, ka lissafa ribar raguna biyar da aka ƙara cusawa, ka lissafa asarar guda biyu da suka mutu a hanya da ramar sauran, sannan ka yanke hukunci. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ga dabba da mai ita.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.